Motsa Jiki da Garkuwar Jiki



Kalmar garkuwa ta fagen fama ce, masana kiwon lafiya suka are ta domin bayyana tsarin da jiki yake kare kansa daga cuta. Dakarun wannan tsari su ne fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake samar da su a cikin ɓargo, aikinsu kuwa sintiri ne.

To, mene ne haɗin sintirin da motsa jiki? Idan mutum ya kama tafiya da sauri, bugun zuciya ya ƙaru, sai ɗimbin ƙwayoyin da ke maƙale a bangon hanyoyin jini da cikin saifa su kwararo cikin jini, su zaga jiki suna farautar ƙwayoyin cuta. Amma bayan an huta na 'yan sa'o'i, adadinsu yakan koma yadda yake. Wannan shi ya sa dagewar rana ɗaya ba ta wadatarwa, sai an mayar da abin al'ada.

A shekarar 2011 aka buga binciken da David Nieman da abokan aikinsa suka yi a Amurka, inda suka bibiyi mutum 1,002 har tsawon mako 12. Sun gano cewa masu motsa jiki kwana biyar ko fiye a mako, kwanakin da suka yi suna fama da mura sun gaza na masu yawan zama da kashi 43 cikin ɗari.

Manomi da mai sussuka da mai ɗebo ruwa, sana'arsu ta ɗauke musu wannan nauyi. Ma'aikacin ofis kuwa daga mota sai kujera, ɗalibi daga aji sai ɗakin karatu. Irinsu ne ya kamata su kula da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020, wato baligi ya yi matsakaicin motsi na minti 150 zuwa 300 a mako. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin wannan ƙa'ida.

Sai dai a lura, motsa jiki ba ya maye gurbin allurar rigakafi, ko isasshen barci, ko abinci mai gina jiki. Mai zazzaɓi kuma hutu ya kamace shi. Wanda yake da lafiya kuwa, Hausawa sun riga sun gaya masa cewa motsi ya fi laɓewa.