Kitsen Jini Mai Kyau da Iyakar Shaidarsa

Duk wanda likita ya tura ɗakin gwaji domin a auna kitsen jininsa, ya tafi da sassafe bai karya kumallo ba, aka ɗaure masa dantse aka ɗebi jini, zai komo da takarda mai layi huɗu ko biyar, kuma galibi a kan HDL idonsa yake fara sauka, domin an riga an shaida masa cewa shi ne mai kyau. Haƙiƙanin al'amarin kuwa, kolestarol iri guda ne, akasarinsa ma hanta ce take yinsa. Amma da yake maiƙo ba ya gauraya da jini, tilas sai da 'yan dako, wato LDL da HDL. LDL shi ke kai shi sassan jiki, in ya yawaita ya manne a bangon jijiya har ta ƙuntata, HDL kuwa ya kwaso rarar ya mayar wa hanta.

Likitoci sun tafi a kan cewa HDL ya gaza idan bai kai 40 mg/dL ga namiji ba, ko 50 ga mace, wato kimanin 1.0 da 1.3 ke nan a ma'aunin mmol/L, don haka wajibi ne a fara duban ma'aunin da aka yi amfani da shi kafin hankali ya tashi. Wannan fahimta ta samu gindin zama ne daga binciken garin Framingham na Amurka, wanda aka soma a 1948, aka kuma bayyana a 1977 cewa masu ƙarancin HDL sun fi kamuwa da ciwon zuciya.

To, sai dai alama daban, sababi daban. Kamfanin Pfizer ya haɗa wani magani, torcetrapib, wanda ya ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, amma a 2006 aka dakatar da gwajinsa, saboda masu shansa sun fi mutuwa. Daga bisani masu bincike a Kopenhagen suka ga cewa wanda HDL ɗinsa ya wuce kima shi ma bai tsira ba. Abin da ya fi shafarmu kuwa, wani bahasi da aka buga a Amurka a 2022 ya nuna ƙarancin HDL yana hasashen ciwon zuciya ga fararen fata, alhali bai yi haka ga baƙaƙe ba.

Saboda haka, a ganina, gafala ce babba magidanci ya ga HDL ɗinsa ya kai 60 ya ninke takarda ya sa aljihu, ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga taba a baki. Barin taba da yawaita tafiyar ƙasa suna ɗan ɗaga HDL, amma layin da likita ya fi tsura wa ido shi ne na LDL, domin saukar da shi, ko ta rage man shanu da kitsen tsire ko ta maganin statin, shi ne aka tabbatar yana rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.