Yadda za ku karanta lambobin doka a takardunku

'Yan'uwa, da mazauna sansanin Tarikom da waɗanda suka sauka a ƙauyukan Garu, da yawanku kan kawo mana takarda daga ofishin shige da fice ko daga Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana, kuna tambayar ma'anar wani ɗan layi irin wannan: PNDCL 305D, s. 9. Wasu kan ɗauka lambar fayil ɗinsu ce. Kwatancen doka ne, kamar a ce muku gari kaza, unguwa kaza, ƙofa kaza. Da shi ake gano inda jami'i ya samo hujjar abin da ya rubuta muku.

Waɗanda suka yi makaranta a Burkina Faso sun saba da irin Loi n° 042-2008/AN, wato lamba, shekara, sai haruffan majalisa. A Ghana sunan doka ne kan gaba, sai shekara, sai irin dokar da lambarta.

In kun ga Act, doka ce da majalisar dokoki ta yi. Act 573 ita ce dokar shige da fice ta shekarar 2000. PNDCL kuwa daga mulkin soja na Jerry Rawlings ta fito, kafin a koma mulkin farar hula a 1993. Dokar 'yan gudun hijira ta 1992 tana cikin irinsu, ita ce PNDCL 305D. Kada wani ya ruɗe ku cewa ta tsufa. Tana aiki har yau, kuma ita ce ta kafa hukumar da ke duba maganarku. A cikinta za ku ga Secretary inda yau ake cewa minista, don haka ake kiran ministoci a wancan zamani.

Akwai kuma L.I., ƙa'idojin da ke bayyana yadda za a yi aiki da babbar doka. L.I. 1691 ta 2001 tana ƙarƙashin Act 573, ba ta da ikon saɓa mata. E.I. umarni ne daga gwamnati. Da shi ministan cikin gida kan sa dokar hana fita a Bawku.

Sai ƙaramin harafin s. da lambar da ke biye da shi. Nan ya kamata ku fi zuba ido, domin sashe ke nan, kuma a sashe wa'adi yake ɓuya. Lamba ta biyu da ke cikin baka, kamar s. 8(1), ƙaramin sashe ce. Sashe na 1 na PNDCL 305D ya hana a mayar da ɗan gudun hijira inda za a tsananta masa. Sashe na 8 ya ce a nemi mafaka cikin kwana 14 da shigowa, sai dai hukuma na iya ƙara lokaci. Sashe na 9 ya ba wanda aka ƙi buƙatarsa kwana 30 ya ɗaukaka ƙara a rubuce zuwa ga minista, kuma lissafi yana farawa tun ranar da aka sanar da shi. Saboda haka takarda mai s. 9 ba ta kwana a ƙarƙashin tabarma. Ku kawo ta a ranar.

In kun ga as amended, an taɓa yi wa dokar gyara. An gyara Act 573 a 2012 da Act 848, don haka tsohon kwafi na iya rasa wani abu.

Ko ba ku jin Turanci, ku sa ɗan makaranta ya kwafe layin yadda yake, harafi da lamba, ko ku ɗauki hotonsa da waya, ku rubuta ranar da takardar ta shigo hannunku. In jami'i ya ce muku "doka ce ta ce", ku tambaye shi cikin ladabi: Yallaɓai, wace doka, wane sashe? Sai ku kawo mana amsar, mu buɗe dokar mu karanta tare.