Bishara Har Tsakar Gida: Rediyo da Addu'ar Mata

A 1997 wata 'yar Brazil, Marli Spieker, ta kafa wani shiri a gidan rediyon Kirista na TWR, ta raɗa masa sunan Hannatu, matar nan ta Littafi Mai Tsarki da ta kai kukan rashin haihuwa gaban Allah. Ta haɗa abu biyu: hira da mata ta rediyo, da kalandar addu'a da ake rabawa duk wata. Yau shirin yana fita cikin harsuna da dama.

Masu jin Hausa sun daɗe da sanin bishara ta rediyo. Tashar Kirista ta ELWA ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954. Muryar Bishara ta Jos kuwa ta riƙa aika nata shirye-shiryen zuwa wata tasha a Addis Ababa, har sojojin Habasha suka ƙwace tashar a 1977. A 2008 TWR ta buɗe tasha kusa da Parakou a Jamhuriyar Benin, kuma da dare ana kama ta a Arewa. Akwai dalilin zuwa ƙetare: dokar Najeriya ta hana ba ƙungiyar addini lasisin gidan rediyo.

Me ya sa abin ya fi kama mata? Akwatin rediyo ba ya tambayar ko an yi boko. Mace tana daka, tana wanki, tana lallashin goyo, kunnenta na nan. Abin da kunya ke hana ta faɗa wa fasto, kamar dukan miji, gorin dangi kan haihuwa ko yoyon fitsari, sai ta ji an ambace shi a fili, an kuma yi addu'a a kai. Ga gwaurayen da rikicin Boko Haram ya bari tun daga 2009, musamman a ikilisiyar EYN, jin cewa wasu na tuna su a addu'a babban abu ne.

Sai dai rediyo ba ya ganin fuskar mai sauraro. "Ki yi haƙuri" magani ne ga wadda ke makoki, amma ga wadda ake duka kullum yana iya zama igiyar da ta ɗaure ta. Mai yoyon fitsari kuma, idan ta tsaya kan addu'a kaɗai, za ta yi shekaru cikin wahala, alhali ana yin tiyatar ciwon a cibiyar Evangel da ke Jos da kuma Danja kusa da Maradi.

Nan ne Zumuntar Mata ta ikilisiya ke shigowa. Su ne masu ɗaura zane iri ɗaya su je gaisuwar rasuwa da kwanon abinci, su ne masu raka 'yar'uwa asibiti. Masu shirya shirye-shirye ya kamata su riƙa rufe kowace addu'a da sunan asibiti da lambar da za a kira, su kuma miƙa mai kira ga zumuntar da ke kusa da ita.