Ana Iya Gane Ciwon Dam Tun Bai Ɓalle Ba

Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a kasuwar Mile 12 ta Ikko ko Sasa ta Badun, da wuya a ce bai ci albarkar dam ɗin Tiga ba. Da ruwansa ne manoman Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suke noman rani, kuma shi ne yake bi ta Wudil da Ringim har Haɗeja.

An gina wannan dam a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, watau ya haura shekara 50 ke nan. Tsawonsa ya kusa kilomita 6, tsayinsa kuwa mita 48. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, jikin wannan ƙasaitaccen gini ba kankare ba ne, ƙasa ce aka jibga aka daddaɓe hawa-hawa, aka sa mai yumɓu a tsakiya don ta tare ruwa.

To, irin wannan gini ba ya rabuwa da yoyo, don ruwa yakan tsatso ta jikinsa da ta ƙarƙashinsa sannu a hankali. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin ruwan da ke fitowa garau yake. Amma in ya fara zuwa da laka, to yana kwashe ƙasar cikin ginin ke nan, yana yin hanya kamar ramin gafiya, wadda za ta yi ta faɗi har ran da ginin zai rufta. Gara da saiwar itatuwa su ma sukan buɗe wa ruwa irin wannan ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ne injiniyoyi suke binciken tsohon dam kamar yadda likita yake duba dattijo. Da farko sukan taka shi da ƙafa, suna neman tsaga, da wurin da ya lotsa, da suri, da inda ciyawa ta yi shar a tsakiyar rani, alamar akwai danshi a ƙasa. Daga nan sai a kawo injin haƙa irin na rijiyar burtsatse, a riƙa ciro ƙasa daga zurfi dabam-dabam har a tarar da dutse. A cikin ramin akan buga wani bututu da guduma mai nauyin kilo 63 da rabi, ana ƙirga bugu nawa zai sha kafin ya nutse ƙafa ɗaya. In ya shige da bugu kaɗan, ƙasar wurin ta yi sako-sako. Aikin yana son hattara ƙwarai, don haƙa da ruwa mai ƙarfi a tsakiyar dam yana iya tsaga shi.

Ƙasar da aka ciro akan kai ta ɗakin gwaji a auna danshinta, da ƙarfinta, da saurin da ruwa yake ratsa ta. Harsashin ma ba a barinsa, domin a wannan yanki akwai ruɓaɓɓen dutse a saman mai ƙwarin, kuma ruwa yana iya bi ta tsagoginsa ya ɓullo bayan dam. Inda aka sami haka sai a ɗura ruwan siminti a toshe. A ƙarshe akan bar siraran bututu a cikin ramukan, ma'aikata su riƙa auna hawa da saukar ruwa a cikinsu suna rubutawa. Wannan littafin awo shi ne yakan fara tona asirin ciwo.

Jihar Kano ta riga ta ɗanɗana. A watan Agusta na 1988 dam ɗin Bagauda, maƙwabcin Tiga, ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi hasarar rayuka da gidaje da gonaki. A 1992 aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga da mita 3 da rabi don a sassauta wa ginin nauyi, ko da yake hakan ya rage ruwan da yake iya ajiyewa. Sa'an nan a watan Satumba na 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri.

Kula da Tiga yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta riƙa ba ta kuɗin bincike a kai a kai, ba sai ɓarna ta auku a kafa kwamiti ba. Su kuma 'yan'uwa da ke ci-rani a Kudu, in sun aika gida, su gargaɗi nasu da su daina noma ko ɗibar ƙasar gini a gindin dam, kuma duk wanda ya ga ruwa mai laka yana ɓuɓɓugowa a wurin ya sanar da mai unguwa da ma'aikatan hukuma nan take. Kuɗin haƙa ramin bincike bai kai na sake gina gari ba.