Baƙunci a Gidan Mutanen Sifen

Malamin da ya tashi a Dawanau ya saba da tuwo bayan magariba, a taɓa hira a ƙofar gida, a yi lisha a kwanta, don gona tana jira da sassafe. Idan karatu ya kai shi Sifen, aka sauke shi gidan wani magidanci, to, sai ya sake shiri. Abincin rana sai ƙarfe 2 ko 3, na dare kuwa 9 ko 10. Wani dalilin shi ne a 1940 Janar Faranko ya tura agogon ƙasar gaba da sa'a guda, har yau ba a mayar ba.

In an gama ci ba a watsewa, a nan kan tebur a ke zama hira. Da maraice kuma kowa ya fita dandali, har tsofaffi. Muna gargaɗin ɗalibanmu kada su shige ɗaki su rufe, gama a wannan hira harshe ya ke zama a baki.

Maganar naman alade kuwa, a faɗa wa uwargida cikin ladabi tun ranar sauka. Kunya ba ta da amfani a nan, domin yakan shiga har cikin tukunyar wake.