Mafarkin harbi da gudu kowane dare: Yaushe ya kamata a nemi likita?

Wani ɗan uwana ya tsira daga harin 'yan bindiga a ƙauyensu shekara biyu da suka wuce, ya dawo birni da iyalinsa. Da rana lafiyarsa ƙalau, yana kasuwa yana raha da mutane. Amma kusan kullum kafin asuba sai ya farka a firgice, jiki sharkaf da gumi. Mafarkin ɗaya ne: ƙarar babura, harbi, yana gudu ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

Har ta kai ya fara tsoron kwanciya. Yakan zauna wajen mai shayi har ƙarfe biyu na dare don kada barci ya ɗauke shi.

Irinsa suna da yawa a Borno da Zamfara da Katsina da Sakkwato, amma ba kasafai ake maganar ba. Namiji yana jin kunyar a ce mafarki ne ya hana shi barci, mace kuma sai a ce mata aljanu ne.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa

Barci zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kimanin minti 90. A cikinsa akwai matakin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kuma a nan ne ake yin mafi yawan mafarkai masu kama da gaske. Wannan matakin yana ƙara tsawo yayin da gari ke dab da wayewa, shi ya sa munanan mafarkai suka fi zuwa goshin asuba.

A wannan lokacin ƙwaƙwalwa na saki gaɓoɓi su mutu murus, don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Idan ya farka jikin bai gama sakewa ba, shi ne abin da muke kira dannau.

Wanda ya ga kisa, ko aka yi garkuwa da shi, ko ya yi mummunan haɗarin mota, ƙwaƙwalwarsa kan ci gaba da zama cikin shirin ko-ta-kwana. Likitoci na kiran wannan larura PTSD, wato firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, idan alamomin suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa.

Kuma ba sai wanda ya ga bala'i da idonsa ba. Damuwar bashi, rashin aiki, ko kallon bidiyon gawarwaki a WhatsApp kafin kwanciya duk suna iya jawo shi. Wasu magunguna ma haka: mefloquine na zazzaɓin cizon sauro da efavirenz na masu ɗauke da HIV an san su da kawo mafarkai masu tsauri. Wanda ke shan irinsu ya faɗa wa likitansa, kada ya daina da kansa.

Guje wa barci, kamar yadda ɗan uwana ya yi, ƙara dagula lamarin yake. Jikin da aka hana barci yakan rama bashin matakin mafarkin da ƙarfi a daren da ya samu dama.

Addu'a da magani

An koya mana tun muna yara: idan ka yi mummunan mafarki ka nemi tsari da Allah, ka yi tofi sau uku ta hagu, ka juya kwanciya, kada ka ba kowa labari. Wannan yana kwantar da hankalin mutane da yawa. Sai dai a fahimtata, mafarkin da ke dawowa kowane dare har ya hana mutum neman abinci ya zama ciwo, kuma mai ciwo dole ya faɗa wa mai magani inda ke yi masa zafi.

Akwai wata dabara da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta amince da ita, kuma ba ta buƙatar ko sisi. Da rana, cikin natsuwa, mutum zai rubuta mafarkin, sannan ya sauya labarin yadda yake so: baburan su zama na 'yan ɗaurin aure, ko ƙafar ta ɗagu ya isa gida. Sai ya riƙa hasko sabon labarin a zuciyarsa na minti 10 zuwa 20 kullum. Da farko na ɗauka wasan yara ne, amma mutane da yawa na samun sauƙi cikin makonni. Wanda abin da ya gani ya yi muni ƙwarai, gara ya yi ta tare da ma'aikacin lafiya.

Sauran sanannu ne: a rage goro da kofi da shayi mai kauri daga la'asar, a ajiye waya kafin kwanciya, a tsayar da lokacin barci. A kuma guji sayen ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, domin ranar da aka daina, mafarkin kan dawo fiye da da.

Idan abin ya wuce wata guda, ko mutum na kai wa matarsa duka cikin barci, ko ya fara tunanin kashe kansa, to a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da kuma Maiduguri, ban da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Ɗan uwana sai da matarsa ta kai ƙara wajen yayansa kafin ya yarda ya je. Har yanzu mafarkin na zuwa jefi-jefi, amma mai shayi ya daina ganinsa bayan ƙarfe goma.