Ko Kun Sani? Tamowa Na Taɓa Lantarkin Zuciya

Zuciya ba ta bugawa sai ɗan lantarki ya ratsa tsokarta, kuma sinadarin fotasiyam na cikin masu daidaita shi. Yaron da tamowa ta kama, ga zawo a kai, fotasiyam ɗinsa kan yi ƙasa. Na'urar ECG mai auna lantarkin zuciya takan tona asirin: tudun da likitoci ke kira T ya kwanta a kan takarda, wani ƙarami, U, ya ɓullo bayansa. Bugun ma yana iya rikicewa.

Shi ya sa madarar F-75 da ake shayar da irin waɗannan yara a asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a 2005, take ɗauke da fotasiyam. Iyayen Magarya da Dungas, zawon mai tamowa ba na jira ba ne, a garzaya asibiti.